Yadda Makaɗan Sin Suka Koya wa Gogen Turawa Sinanci

Sharhinmu na yau a kan kiɗa ne, kuma zai kai mu nesa da gida, har ƙasar Sin, inda aka shafe fiye da shekara ɗari ana kokawa da tambaya guda: shin mutum zai iya ɗaukar kayan kiɗan baƙi ya faɗi maganar gidansu da su, maganar kuma ta fita lafiya ba ta gurɓata ba?

Bari mu soma daga birnin Shanghai, ranar 27 ga watan Mayun 1959. A ranar ce wata ɗaliba 'yar shekara 18, Yu Lina, ta hau dandali riƙe da bayolin, wato gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu da ake tokarewa a ƙarƙashin haɓa. A bayanta ga cikakkiyar tawagar makaɗa irin ta Turai, masu goge manya da ƙanana da masu busa. Waɗanda suka tsara kiɗan su ma ɗalibai ne, He Zhanhao da Chen Gang. Labarin da suka ɗora kiɗan a kansa kuwa babu tsohuwar da ba ta san shi ba a ƙasar. Wata yarinya ce, Zhu Yingtai, ta yi shigar maza don ta samu shiga makaranta, ta shekara uku tana karatu tare da Liang Shanbo bai gane mace ba ce. Ko da ya farga, an riga an ba da ita ga ɗan masu kuɗi. Baƙin ciki ya yi ajalinsa, ita kuma ranar da za a kai ta ɗakin miji ta faɗa cikin kabarinsa, su biyun suka tashi sama a siffar malam-buɗe-littafi.

He Zhanhao ya fito ne daga ƙungiyar wasan kwaikwayon waƙa na yankin Zhejiang, wanda ake kira Yue, kuma ya san yadda matan da ke rera shi suke jan murya. Shi da abokan karatunsa sun sha zuwa karkara suna kaɗa wa manoma kiɗan Turawa irin na Bach da Beethoven, manoman su saurara cikin ladabi, amma abin bai shige su ba. Sai ya sa bayolin ta riƙa yin abin da mawaƙan garinsu suke yi: ta zame daga wannan sauti zuwa wancan, ta yi shessheƙa, ta ja numfashi kamar mai kuka. Jama'a suka ji muryar da suka sani tana fitowa daga bakin baƙo. Har yau ɗin nan da wuya a samu kiɗan tawaga daga ƙasar Sin da ya zaga duniya kamar wannan.

To, a nan ne gizo ke saƙa, kuma ina so mu ɗan dakata, don wanda bai fahimci wannan gaɓa ba, sauran labarin zai zame masa jerin sunaye kawai.

Ku kawo gogen Sinawa a ranku, wanda suke kira erhu. Kusan ɗan'uwan namu ne. Ƙaramin ƙoƙo ne na katako da aka rufe bakinsa da fatar mesa, kamar yadda ake rufe namu da fatar guza, sai doguwar sanda, sai tsirkiya biyu. Mai kaɗawa yana zaune, ya ɗora shi a cinya. Gashin bakan da ake gugawa da shi a sarƙafe yake tsakanin tsirkiyoyin biyu, ba ya fita, in ya tura waje ya taɓa ɗaya, in ya ja ciki ya taɓa ɗaya. Babu katako a bayan tsirkiyar da yatsa zai danna a kai, a iska take. Saboda haka ƙara matsa yatsa kaɗan, ko sassauta shi kaɗan, sai sautin ya lanƙwasa. Gwanin erhu yana iya riƙe sauti guda ya shigo masa ta ƙasa, ya girgiza shi, ya kumbura shi, ya sake shi yana dusashewa, kuma duk ma'anar kiɗan tana cikin wannan tafiyar. Haka abin yake ga tsohon molon malamansu mai tsirkiya bakwai, guqin, inda har ƙarar yatsa tana shafar tsirkiya bayan sautin ya mutu ana lissafa ta cikin kiɗa.

Turawa kuwa wata hanya suka bi. Su gwanintarsu ita ce jera sautuka da yawa a lokaci guda, wannan bisa wancan, su dace da juna, su matsa, su saki, har mutum tamanin ko ɗari su kaɗa tare kowa yana duban takardarsa. Don wannan gini ya tsaya, dole kowane sauti ya zauna daram inda aka ajiye shi. Fiyano shi ne sarkin wannan tsari: ka danna, ya ba ka abin da aka ɗaure masa, babu lanƙwasa, babu zamiya. Kun ga ke nan abin da yake ado a wajen wancan, kuskure ne a wajen wannan. Ga kuma harshe. Sinanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma, don haka waƙarsu a ɗaure take da maganarsu. Duk mai son haɗa gidajen nan biyu, wannan ne dutsen da zai fara cin karo da shi.

Haɗuwar ta daɗe. A shekarar 1601 wani limamin Kirista ɗan Italiya, Matteo Ricci, ya kai wa sarkin Sin na lokacin kyaututtuka a Beijing, cikinsu har da wani ƙaramin kakan fiyano, aka kuma sa bayin fada su koyi kaɗa shi. Kafin nan ma, a 1584, wani yarima na daular Ming, Zhu Zaiyu, ya riga ya fitar da lissafin raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, irin lissafin da ake ɗaure fiyano da shi yau. Amma a zamanin nan da muke ciki, abin da Turai ta fara yi da kiɗan Sin kwalliya ce. Puccini, shahararren mai tsara wasan waƙa na Italiya, bai taɓa taka ƙasar Sin ba, amma ya ɗauki karin wata waƙar gargajiya ta furen yasmin ya sa a wasansa Turandot, wanda aka fara nunawa a Milan a 1926. Kiɗan na da daɗi, ban musa ba. Sai dai jini da tsokarsa na Italiya ne, Sin ɗin hula ce kawai aka ɗora masa.

Su kuma Sinawa a nasu ɓangaren, kunya ce ta fara kama su. Bayan kayen da suka sha a hannun Turawa da Japan, masu ilmin zamani da yawa sun ɗauka cewa komai na gargajiya koma baya ne, har da kiɗa. A 1927 Xiao Youmei, wanda ya yi karatu a Jamus, ya jagoranci kafa kwalejin kiɗa ta farko irin ta zamani a Shanghai, kuma darasin Turai aka sa a gaba. Bayan kafa gwamnatin gurguzu a 1949 aka ƙara wani mataki da ni a ganina yana da riba yana da hasara. Aka tara kayan kiɗan gargajiya aka jera su sahu-sahu kamar tawagar Turai, da madugu a gaba riƙe da sanda. Aka sauya tsirkiyar siliki da ta ƙarfe don sauti ya cika babban zaure. Aka ƙara wa pipa, wato garayarsu mai tsirkiya huɗu, matakai a wuya don ta iya kowane sauti da fiyano ke iyawa. Da aka rasa mai babbar murya a cikin kayan gida, sai aka ƙera sababbi, ko kuma aka ɗauko babban gogen Turawa aka zaunar a gefe. Kayan sun samu ƙarfi, sun samu makarantu da albashi. Amma mutum talatin ba za su lanƙwasa sauti kowa yadda ransa ya so ba, dole a daidaita su, kuma a wajen daidaitawar aka goge wani abu mai daraja. Kayan na Sin ne, tunanin na aro.

Sai kuma masifa ta sauka. Daga 1966 zuwa 1976, zamanin da aka kira juyin juya halin al'adu, aka haramta kiɗan Turai, aka haramta tsohon kiɗan gida, aka rufe makarantu, aka farfasa fayafayai. Ko kiɗan masoyan nan da muka fara da shi bai tsira ba. An karya wa mai fiyano Liu Shikun hannu aka jefa shi kurkuku. Lu Hongen, madugun tawagar makaɗan Shanghai, harbe shi aka yi a 1968. Miliyoyin matasan birni aka kwashe aka watsa ƙauyuka su yi noma. Ba zan taɓa kiran wannan alheri ba, zalunci ne tsagwaronsa, kuma waɗanda suka mutu a ciki ba su dawo ba. Amma tarihi ya nuna cewa cikin yaran da aka watsar ɗin ne aka samu waɗanda suka warware tambayarmu fiye da kowa.

Ku ɗauki Chen Yi, haifaffiyar Guangzhou a 1953, 'yar likitoci, wadda ta fara bayolin da fiyano tun tana ƙarama. Da abin ya ɓarke, a ɓoye take gwaji, an toshe wa kayan murya kada maƙwabta su ji. Tana 'yar shekara 15 aka tura ta karkara, tana noman shinkafa, tana hawa dutse da kaya a kafaɗa. Ta tafi da bayolin ɗinta, kuma tun da waƙoƙin juyin juya hali kaɗai aka yarda a kaɗa, su take kaɗa wa manoma, tana cusa musu dabarun yatsun da ta koya daga kiɗan Turai. A can ta fara jin yadda manomi ke magana da yadda yake waƙa, ta gane abu ɗaya ne. Daga baya ta shekara takwas tana jagorantar masu goge a ƙungiyar wasan waƙa irin na Beijing. Mijinta, Zhou Long, tarakta ya tuƙa a gonakin gwamnati can arewa maso gabas mai tsananin sanyi. Bright Sheng, ɗan Shanghai, shekara bakwai ya yi a Qinghai kusa da Tibet yana tattara waƙoƙin mutanen tsaunuka. Tan Dun kuwa, ɗan lardin Hunan da aka haifa a 1957, shekara biyu ya yi yana dashen shinkafa, yana haɗa wa 'yan ƙauye kiɗan biki da na makoki da tukwane da duk abin da hannu ya kai. Wani jirgin ruwa ne ya kife da makaɗan wata ƙungiyar wasa, aka rasa mai goge, aka kira shi.

Da aka sake buɗe babbar kwalejin kiɗa ta Beijing, dubban matasa suka yi tururuwa neman gurbi kaɗan. Ajin da ya fara karatu a 1978 ya zama abin labari: Tan Dun, Chen Yi, Zhou Long, Chen Qigang, Guo Wenjing, Ye Xiaogang, Qu Xiaosong, duk a ɗaki guda. Sun zo da kaushi a hannu da waƙoƙin karkara a ka, suka tarar ƙofar duniya ta buɗe, suna jin abin da Turai ta yi a ƙarni na 20 karo na farko. Wani abin mamaki kuma, sai suka ga sababbin masu tsara kiɗan Turai su ma sun gaji da sauti mai zama daram, suna neman zamiya da ƙara da shiru, abubuwan da makaɗan ƙauyen Hunan suka gada tun kaka da kakanni.

Wanda ya nuna musu wannan mahaɗa dattijo ne mai suna Chou Wen-chung, wanda ya tafi Amurka a 1946, ya zama almajirin mai tsara kiɗa Edgard Varèse, ya koyar a jami'ar Columbia da ke New York, ya rasu a 2019 yana da shekara 96. Shi ne ya jawo Tan Dun da Chen Yi da Zhou Long zuwa can. Koyarwarsa ita ce kowane sauti guda abu ne mai rai, kamar zanen alƙalamin gwanin rubutu, inda yake farawa da kauri ya ƙare da siriri. Ya kuma yi ta gargaɗi cewa ɗora karin waƙar Sin a kan ginin Turai bai isa a kira shi haɗi ba. Sai mutum ya san gidajen biyu tun daga tushe. Ni dai a nan nake tsaye. Ma'aunin da nake auna irin wannan aiki da shi guda ne: bayan an haɗu, kowane ɓangare ya canza hali, ko kuwa ɗaya ne ya yi wa ɗaya rakiya?

Ku saurari abin da Zhou Long ya tsara a 1982 don masu goge huɗu na Turai, yana kwaikwayon guqin. Babu kayan Sin ko ɗaya a dandalin. Amma sai ka ji masu gogen sun ajiye baka suna tsinkar tsirkiya da yatsa, suna jan sautin bayan sun tsinka, suna barin shiru ya yi tsawo har ka fara jin numfashinka. Haka Chen Yi ta yi a kiɗanta Duo Ye, wanda ta samo daga rawar maraba ta ƙabilar Dong a yankin Guangxi, inda mai ba da waƙa yake jefawa jama'a na amsawa. Ta sa fiyano, wannan mai taurin kai, ya zama mai bayarwa da masu amshi a lokaci guda. A 1986 ta zama mace ta farko da ta samu digiri na biyu a fannin tsara kiɗa a ƙasar Sin.

Tan Dun ne ya fi su suna, shi ne kuma ya fi jawo gardama. A 1994 ya tsara wani aiki da ya kira wasan fatalwa, don masu goge huɗu na ƙungiyar Kronos ta Amurka da gwanar pipa Wu Man, yana tuna bukukuwan ƙauyensu inda ake zance da magabata. A ciki ya sa wani kiɗan Bach da wata waƙar gargajiya ta marainiya su yi tafiya tare, har kunne ya kasa rabe inda wannan ya tsaya wancan ya tashi. Makaɗan ba sa zama wuri ɗaya, suna yawo a dandali, suna gwara duwatsu, suna kaɗa takarda, suna tsoma faranti na tagulla cikin ruwa bayan sun buga shi don sautin ya nutse. Bayan 'yan shekaru ya yi wa tawagar makaɗan New York kiɗan ruwa zalla. Ku kwatanta a zuci: manyan kwanoni na garau cike da ruwa, fitila na haskawa daga ƙasa, makaɗi ya naɗe hannun riga yana marin ruwan da tafi, yana dulmiya kofi yana cirewa, sannan ya kifa akussan katako a kan ruwan yana bugawa. Duk wanda ya taɓa zama wajen amada ya ga mata sun kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, irin na marigayiya Barmani Choge, ya san wannan sauti, ya kuma san ba wasan yara ba ne. A ƙarshe makaɗin ya ɗaga rariya cike da ruwa, ruwan na zuba kamar sama ta tsage. A 2001 Tan Dun ya karɓi kyautar Oscar saboda kiɗan fim ɗin Crouching Tiger, Hidden Dragon, inda makaɗi Yo-Yo Ma ya sa babban gogen Turawa ya yi kukan erhu.

A gida ba kowa ya yi tafi ba. Tun a 1983 hukuma ta taɓa sa kiɗansa cikin abin da ta kira gurɓata tunani. A 2001 kuma, a wani shirin talabijin na Beijing, madugun makaɗa Bian Zushan ya soki aikinsa gaba da gaba, yana ganin wasa da ruwa da takarda ba kiɗa ba ne, har Tan Dun ya tashi ya bar wajen. Akwai kuma wani zargi da ya fi wannan nauyi, wanda bai kamata a share shi ba: cewa wasu daga cikin waɗanda suka tafi waje suna sayar wa Turawa Sin ɗin da Turawan ke son gani ne, ta fatalwa da bokaye da sarakunan da. Zargin na da ƙamshin gaskiya. Mai ba da kwangila a New York ko Landan yakan so ɗan Sin ya zo masa da abin da zai gane nan take cewa na Sin ne, kuma mai biya shi ke zaɓar waƙa. Lokacin da babban gidan wasan waƙa na Metropolitan ya nuna aikin Tan Dun a kan sarkin Sin na farko a 2006, da mawaƙi Plácido Domingo a matsayin sarkin, an kashe kuɗi, an yi ado, amma masu sharhi da dama sun ce mafarin wasan ne kawai, inda aka bar ganguna da salon wasan Beijing suka yi magana, ya tsaya da ƙafarsa, sauran ya koma bin sawun Puccini. Ina ganin sun yi gaskiya. Gwani ma yakan zame in dandali ya fi ƙarfin abin da yake son faɗa.

Shi ya sa nake girmama Chen Qigang, wanda ya bi abin a hankali. Ya tafi Faransa a 1984 ya zama almajiri na ƙarshe ga mai tsara kiɗa Olivier Messiaen, wanda ya matsa masa ya nemo muryar kansa. A wani aikinsa na 2001 da ke zana halaye tara na mace, ya tsayar da mai rera waƙa irin ta Turai kusa da mai rera ta wasan Beijing, mai siririyar murya da ke fita ta hanci tana lanƙwasa, ga erhu da pipa a gefe, ga babbar tawaga a baya. Bai tilasta wa ɗaya ta koma ɗaya ba. Ya bar tawagar ta yi laushi, ta zama kamar hazo, don siririyar muryar ta samu wurin wucewa. Shi ne daga baya ya jagoranci kiɗan bikin buɗe wasannin Olamfik na Beijing a 2008. Guo Wenjing kuwa ƙin tafiya ya yi, ya zauna gida yana koyarwa, yana tsara kiɗa mai kaushi irin na ma'aikatan kogi da tsaunukan Sichuan, duniya kuma ta biyo shi har inda yake: a Amsterdam aka fara nuna wasansa da ya ɗora a kan labarin wani mahaukaci na marubuci Lu Xun, a 1994.

Zhou Long ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a 2011 da wasan waƙa a kan tatsuniyar farar macijiya. Shekara shida bayan haka Du Yun, 'yar Shanghai da aka haifa a 1977, ta ci irin wannan kyauta da wasa a kan safarar mutane, wanda ba ya ɗauke da wata alamar da za a nuna a ce ga Sin nan. Wannan ma ci gaba ne. Na gaba sun sha wahalar buɗe hanya, har ta kai 'yar baya tana da 'yancin ta ɗauko gadonta in ta so, ta ajiye in abin da take faɗa bai buƙace shi ba, kuma ba wanda zai ce ta fita daga dangi.

Masu cewa a bar kiɗan Sin tsantsarsa kada a gauraya, akwai abin da suke mantawa. Pipa ɗin da ake alfahari da ita ta biyo fatake ne ta hanyar siliki daga tsakiyar Asiya. Erhu daga makiyayan arewa ya shigo, sunansa ma yana nuna na baƙi ne. Abin busarsu mai kaifin murya da ake jin sa a bikin aure da jana'iza, suona, daga wajen Farisa ya taso, dangi ɗaya da algaitar da ake busa wa sarakunanmu. Ƙarnuka ne suka bi ta kansu har suka zama 'yan gida, don an samu makaɗan da suka tanƙwara su suka bi harshe da kunnen mutanen wurin. Abin da ya faru da pipa shekara dubu da ɗoriya da suka wuce, shi ke faruwa da bayolin yanzu a gaban idonmu.

Wannan zance ya shafe mu kai tsaye. Ku leƙa ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, za ku tarar da fiyano na lantarki da kwamfuta sun maye gurbin kalangu da goge da kukuma, yaro ɗaya da yatsa goma yana yin aikin ƙungiya guda. Ba na ƙin na'ura, ta sauƙaƙa wa matasa da yawa hanyar abinci. Abin da ke damuna shi ne na'urar ce ke gaya wa waƙar inda za ta taka, maimakon waƙar ta gaya mata. Kalangu yana matsewa ya saki ya faɗi sunan mutum da kirarinsa, don yana bin hawa da saukar Hausa. Maɓallin fiyano ba ya yin haka sai an sha wahala an koya masa, kuma wanda bai taɓa zama gaban mai kalangu ba bai ma san akwai abin koyarwa ba. Chen Yi ta iya Turai kamar 'yar gida, ta kuma iya ƙauye kamar 'yar gida, shi ya sa da ta haɗa su abin ya kama.

Don haka ga roƙona ga matasanmu masu tsara kiɗa. Ku koyi na'urar nan har ƙarshenta, ku koyi rubuta kiɗa a takarda in kun samu hali. Amma dattawan da suka iya goge da garaya da kuntigi da algaita suna nan a unguwanninku, kuma kullum raguwa suke yi. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku biya su haƙƙinsu, ku zauna ku koya da hannu, ku ɗauki sautinsu ku adana. Sassan koyar da kiɗa da al'adu na jami'o'inmu su buɗe musu ƙofa a matsayin malamai, gidajen rediyo irin wannan su ba su fili. Ku kuma masu saurare da ke da waya a hannu, ku nemi kiɗan masoyan nan na 1959 a intanet, ku kasa kunne daidai inda ƙaramin goge da babban goge suke ban kwana da juna, sannan ku aiko mana da abin da kuka ji.